Yadda na saita kafireto biyu na tsohon babur ɗin mahaifina

Shekara goma sha ɗaya babur ɗin ya yi a ɗakin da muke ajiye buhunan hatsi, lulluɓe da tsohuwar tabarma. Honda CB175 ne ƙirar 1972, mai silinda biyu, salansa biyu, da kafireto biyu na kamfanin Keihin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, na hannu ya saye shi, kuma a kansa ya yi ta kai-komo tsakanin Zariya da ƙauyen da yake koyarwa har ya yi ritaya. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, na zauna na lissafa abin da motata ke sha a mako, sai babur ɗin nan ya faɗo mini a rai.

Na wanke tankin da tsatsa ta fara ci, na zuba sabon baƙin mai, na sa batir da fulogi sababbi. A kik na bakwai ko na takwas ya tashi. Murnar ba ta daɗe ba. In injin ya yi zafi na saki totur, ƙarar ba ta sauka, sai ta maƙale a sama ta daɗe, sannan ta faɗo gaba ɗaya ya mutu. Salansar hagu tana ta tari, ta dama tana warin ɗanyen fetur. Da na kwance fulogi, na dama ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, na hagu kuwa fari fat kamar alli.

Mako uku na yi ina murɗa sukurori. Kowane kafireto yana da guda biyu a waje: na sulo (wato gudun injin in an saki totur), wanda ke ɗaga silaid, ƙarfen da ke buɗe wa iska hanya, ko ya sauke shi, da na iska. Kullum bayan la'asar sai in murɗa wannan, in murɗa wancan, in ji kamar ya gyaru, washegari da safe ya ƙi tashi. A cikin makonnin nan na yi kuskure biyu. Na farko, na zare siririyar waya daga tsohon kebur ɗin birki na zura a jet ɗin sulo, ɗan ƙarfen nan mai ramin da fetur ke bi, don in share shi. Ramin nan bai kai rabin milimita ba, jet ɗin kuma na farin tagulla ne mai laushi, wayar ƙarfe tana shiga ta faɗaɗa shi. Na biyu, na sayo kunshin kayan gyara a kasuwa, na cire duk jet da allurai na asali na sa sababbi. Lambobin da ke jikinsu daidai suke da na tsofaffin, amma babur ɗin ya ƙara rikicewa. Allah ya taimake ni ban zubar da na asalin ba, na adana su a gwangwanin madara.

Daga nan na tura shi zuwa Tudun Wada wurin wani dattijon bakanike, abokin mahaifina, wanda ya daina aikin ƙarfi, sai dai ya zauna a benci yana duba abin da yaransa ke yi. Yana ganin babur ɗin ya gane shi. Ya shafa tankin, ya yi wa mahaifina addu'a, sannan ya karɓi fulogin biyu ya jera a tafin hannunsa.

"Ɗana, me ka taɓa?"

Na lissafa masa duka.

"Bawul fa? Kwantak fa?"

Na ce, "Baba, ai matsalar ta kafireto ce."

Ya ce, "Wa ya gaya maka? Kafireto shi ake zuwa wa a ƙarshe. Bar shi nan ya kwana, gobe da sassafe ka zo, injin yana sanyi."

Ya kuma ce da hannuna zan yi aikin, shi nasa ido.

Washegari muka fara da bawul. Tazarar da Honda ta ba wannan injin milimita 0.05 ce, ta bawul ɗin shiga da ta na fita duka, kuma da sanyi ake aunawa da siririn ma'aunin nan da ake kira fila geji. Bawul biyu sun matse, babu tazara ko kaɗan. Baba ya ce bawul ɗin da bai rufe sosai ba yana zubar da matsi, injin kuma ba zai iya zuƙar iska yadda ya kamata ba, to me kafireto zai auna? Muka koma kan kwantak, makunnin da buɗewarsa ke sa fulogi ya ba da wuta, muka goge bakinsa, muka sa tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, muka daidaita shi ya buɗe a daidai lokacin da alamar F da ke jikin ƙarfen da ke juyawa da injin ta zo kan layi. A nan ya nuna mini abin da ya kamata in lura da shi tun ranar farko. A wannan injin fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, kwantak ɗaya da koyil ɗaya ke ba fulogi biyun wuta. Ke nan in fulogi ɗaya ya yi baƙi ɗaya ya yi fari, ba lokacin wuta ba ne ya raba su. Silinda ɗaya fetur ya yi mata yawa, ɗayar iska ta yi mata yawa, cuta biyu ce daban, ni kuma ina ta ba su magani iri ɗaya.

Ta hagun muka fara ganowa. Muka tayar da injin, Baba ya sa na fesa ɗan maganin wanke kafireto a mahaɗar kafireton da kan inji, a hankali, nesa da salansa, da bokitin yashi a gefe. Ina fesawa a hagu ƙarar injin ta canja nan take. Iska ce ke sata ta wurin, tana shiga ba tare da ta bi ta kan jet ba. Da muka kwance, zoben robar da ke bakin kafireton ya bushe ya tsattsage, fuskar ƙarfen kuma ta ɗan lanƙwashe saboda an taɓa ɗaure notinta da ƙarfin tsiya. Na shimfiɗa takardar sanfefa mai laushi a kan gilashin taga, na yi ta goga fuskar a kai ina zagayawa har ta kwanta sumul ko'ina. Wannan ɓarakar ce ta sa sulo ke maƙalewa a sama, kuma ita ta faranta fulogin. Ba abin wasa ba ne: silindar da fetur ya yi wa kaɗan zafi take yi fiye da kima, in aka daɗe a haka tana iya ƙona bawul ko ta huda fistin.

Ta daman kuma a cikin kwanon fetur matsalarta take. Fulot ɗin, wato abin da ke yawo a kan fetur ɗin kwanon, na tagulla ne, da na girgiza shi kusa da kunnena na ji ruwa yana motsi a ciki. Muka tsoma shi a ruwan zafi, sai ga ƙananan kumfa suna fitowa daga wani ɗinki. Fulot da ya sha fetur nauyi yake yi, ba ya tasowa da wuri ya tura allurar da ke rufe hanyar mai, sai kwanon ya cika ya wuce iyaka. Baba ya zaro wani tsohon kafireto daga ƙarƙashin bencinsa, muka ciri fulot da jet ɗin sulo mai lafiya, madadin wanda na ɓata. Sauran kayan asali na gwangwanin madara muka jiƙa su, muka hura musu iska, muka mayar. Da na jera sabuwar allurar silaid ta kasuwa da ta asali a hasken rana, da ido ma ana ganin kaurinsu ba ɗaya ba ne. Daga nan muka maƙala farin tiyo a mazubar kowane kwano, muka ɗaga shi a gefe, muka ga fetur ya tsaya a tsayi ɗaya a duka biyun, ƙasa kaɗan da bakin kwanon.

Sai a rana ta uku muka zo kan abin da nake kira saiti.

Kebur ɗin totur ɗaya ne daga hannu, ya rabu biyu kafin ya isa kafireto, kowane reshe da notin daidaitawa a kan murfi. Dole silaid biyun su tashi a lokaci guda. Baba ya sa na cire matatun iska, na zura ƙusa biyu masu kauri ɗaya, guda ɗaya a ƙarƙashin kowane silaid, kawunansu a waje. In na murɗa totur a hankali, ƙusar da ta fara motsi ita ce ta riga. Ta dama tana riga ta hagu. Na yi ta sassauta noti ina ɗaurewa har suka riƙa sunkuyawa tare. Na fi awa ɗaya a kan wannan kaɗai, kuma a ganina babu aikin da ya fi shi canja lafiyar babur ɗin a hanya.

Muka mayar da matatun, domin ba a saita kafireto babu matata, muka zagaya unguwa har injin ya yi zafi sosai. Sukurun iska na kowane gefe na murɗa shi ciki har ya taɓa, ba tare da na matse ba, don bakinsa tsini ne mai saurin lalacewa, na dawo da shi juyi ɗaya da kwata. A irin wannan kafireton, fito da shi ƙarin iska ne, shigar da shi ragi. Kwatan juyi nake yi, in tsaya in ƙirga goma, in saurara. Inda ƙarar ta fi tashi ta kuma fi santsi, nan na bar shi, na koma ɗaya gefen. Sannan na sauke sulo da sukurorinsa zuwa wajen juyi 1,200 a minti. Baba bai dubi agogon ba. Tafin hannayensa ya kara a bayan salansa biyun yana jin bugun iskar, ya ce in ƙara wa hagu kaɗan, ya sake ji, ya gyaɗa kai.

Abin da na fahimta daga baya, da na zauna na karanta, shi ne sukurun iskan nan da na kwashe mako uku a kansa ƙaramin yanki kawai yake mulka. Injin fetur yana son wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, gwargwadon nauyi, kafireto kuma hanyoyi uku yake bi ya kusanci hakan. Daga sulo zuwa wajen kwatan totur, jet ɗin sulo da sukurun iska ke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ina hannunka yake a kan totur lokacin da injin ya yi gardama. Na manna farin tef a hannun totur, na ja layi huɗu da biro, na sayi ƙaramin littafi. Abu ɗaya nake canjawa a rana, in rubuta, in hau, in rubuta abin da na ji.

Littafin ya yi mini rana. A kan hanyar Funtuwa na lura da wata 'yar shaƙewa a rabin totur, wadda ke raguwa in na ɗan ja cok, wanda ke rage iskar da ke shiga, alamar fetur ya yi kaɗan a wurin. Allurar tana da tsagi biyar a samanta inda ake maƙala ƙaramin zobe. Na sauke zoben tsagi ɗaya a kowane kafireto, allurar ta ɗaga, shaƙewar ta tafi. Don in tabbatar, na riƙe rabin totur na 'yan kilomitoci, na kama kuloci na kashe injin a lokaci guda, na gangara gefen titi na kwance fulogi. Fetur ɗin yanzu da ba shi da dalma ba ya rina fulogi da wuri, sai da na maimaita sau uku kafin na ga launin: duka biyun ruwan ƙasa mai haske, kamar shayi da madara.

Da hunturu ya shigo a Disamba, babur ɗin ya fara nauyi, fulogi suka soma duhu. Hannuna har ya kai ga sukundireba, sai na fasa, na buɗe matatun iska tukuna. Ƙurar hunturu ta toshe su, injin yana jan fetur da yawa saboda iska ba ta isa. Na kakkaɓe su, na hura musu iska daga ciki, komai ya koma daidai, ban taɓa sukuru ko ɗaya ba. Yanzu duk mako biyu nake duba su har ƙura ta wuce. Na kuma sa ƙaramar matatar fetur a tiyon da ke saukowa daga tanki, don wani lokacin dole ta sa in sayi na 'yan bumburutu a galan, ƙwayar yashi ɗaya kuwa ta isa ta toshe jet ɗin sulo.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya ta Tudun Wada da goro da 'yar leda ta dabino. Na tsaya a bakin garejin ban kashe injin ba. Baba ya taso da sandarsa, ya zagaya ta baya, ya kara tafukansa a salansa biyun, ya yi shiru yana saurare.

"Haka yake kuka a hannun Malam," in ji shi. "Kashe shi, ɗana, shigo ka zauna."