Abin da masu sikila suka koya min game da maganin ciwo

Duk wanda ya taɓa aikin dare a imajansi ya san yadda ake kawo mai sikila, yana murƙususu yana cewa ƙashinsa kamar ana sara, kuma abu na farko da za ka ji daga bakin wasu wai ya saba da allura ne kawai. Wannan maganar tana ƙona min rai wallahi. Eh akwai waɗanda pentazocine, wata allurar kashe ciwo mai sa mutum ya kamu da ita, ta kama, mun ga cinyoyin da allura ta lalata, amma da yawansu a asibiti aka fara ba su, babu tsari babu bibiya, aka sallame su kemis ya ɗora daga nan.

Ni dai abin da aiki ya koya min, doka ba ta ce a bar mutum cikin azaba ba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta tsara ba da maganin ciwo hawa-hawa, ƙaramin ciwo farasitamol ko ibuprofen, matsakaici codeine ko tramadol, mai tsanani morphine. Abin da ake nema a wajen likita ya duba mara lafiya da kansa, ya tambaye shi ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, ya rubuta dalili da adadi da lokaci a folda, morphine kuma a kulle take a kabad, duk wadda aka ɗauka sai an shigar a rajista an sa hannu. Sannan a dawo a duba numfashi, don ta nan maganin ke kisa in ya yi yawa, shi ya sa naloxone, maganin da ke karya ƙarfin morphine, ke zama kusa.

Tsoron da abokan aiki ke ji na kar mutane su kamu da maganin yana da tushe, ban musa ba. A 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai codeine bayan binciken BBC ya nuna yadda yake cinye matasa, har da na Kano, ga tramadol mai miligram 225 da NDLEA ke ta kamawa. To amma wannan ai kasuwar bayan fage ce, ina ruwan baiwar Allah mai kansar mama da ta kwana ba ta rintsa ba? Ko Amurka bayan ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar (CDC) ta fitar a 2016 kan rubuta irin waɗannan magunguna, likitoci sun riƙa yanke wa mutane magani kwatsam, sai da aka sake gyara ta a 2022.

Wanda ya fi damuna shi ne mai gudun cika rajista, sai ya yi ta dirka wa mai sikila diclofenac kwana da kwanaki, alhali ƙodarsa dama a wahale take, shi kuma maganin yana cutar da ƙoda, ga jawo olsa.