Godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin ɓerayen nan

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya na kare kundina na digiri na uku. Saƙonninku sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, ku yi mini uzuri da wannan.

Masu tambayata me nake yi da ɓeraye shekara da shekaru, ga amsa. Akwai wata tsutsa, Echinococcus granulosus, da ke zaune a hanjin kare, tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Ƙwanta na fita a kashin kare. In tunkiya ko raƙumi ko mutum ya haɗiye shi, sai jakar ruwa ta yi ta girma a hanta ko huhu, shekaru ba a sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke fama da cututtukan wannan dangin tsutsa. Abin da ya dame ni shi ne yadda garkuwar jiki ke ganin jakar ta ƙyale ta. Ƙwayoyin garkuwa kan sarrafa wani sinadari na jiki mai suna ajinin, su fitar da wani sinadarin da ake kira naitirik okzayid mai kashe 'ya'yan tsutsar, amma wani inzayim, wato sinadari mai sarrafa wasu sinadarai a jiki, mai suna ajines, yakan riga su cinye ajinin ɗin. Aikina shi ne danne wannan inzayim a jikin ɓera, a ga ko garkuwar za ta farfaɗo. Da sauran tafiya kafin a kai ga ɗan'adam. Har yanzu maganin albendazol da tiyata ne abin dogaro.

Farfesa, ranka ya daɗe, Allah ya saka da Aljanna.

Mahautanmu na kwata, Sarkin Pawa da yaransa, ku ne tushen aikin. Da asuba, ana tsaka da fiɗa, sai in ji an ƙwala mini kira: "Malam, ga huhun raƙumi mai ruwa!" Daga jakunkunan nan na ɗebi abin da na yi wa ɓeraye allura. Ba ku taɓa karɓar ko sisina ba. Da na roƙe ku ku daina jefa wa karnuka irin wannan huhun, domin ta nan tsutsar ke komawa hanjinsu, kun saurare ni.

Baba mai kula da ɗakin ɓeraye, lokacin da wuta ta ɗauke ana tsananin zafin bazara, ɓerayen da na yi watanni ina jira suka mutu, na zauna a ƙasa ina hawaye. Kai ka wanke kejin, ka ce, "Ɗana, tashi, gobe mu koma kwata." Da ba ka faɗi haka ba, da na ajiye karatun.

Maiɗakina, kin yi haƙuri da dawowar dare. Inna, ke da ba ki taɓa tambayar amfanin ɓera ba, addu'a kawai kike yi, ranar Juma'a ina nan tafe da kundin ki sa masa albarka.