Abin da tsohon Triton ɗin maigidana ya koya min

Lokacin da na fara zuwa situdiyo a Tudun Wada aikina bai wuce shara da naɗe wayoyi da tayar da janareto ba, piyanon kuwa sai dai in kalle shi daga nesa. Korg Triton ne, mai ruwan azurfa ɗin nan da ya fito a 1999, mai allon da ake taɓawa da yatsa, har da ramin saka fulofi, wato faifan ajiya, a gefe, gefen madannansa duk sun koɗe saboda hannu. Sai da na kusa wata huɗu kafin oga ya ce in zauna a gabansa, kuma ranar da na zauna ɗin na ɗauka na gama iyawa, don duk sautin da na taɓa daɗi yake, kana danna yatsa uku sai ka ji kiɗa ya cika ɗaki kamar mutum biyar ne ke bugawa.

Abin da ban sani ba shi ne rabin daɗin nan na ifek ne, wato kwalliyar da injin ke yi wa sauti. Wata rana na zaɓi wani sautin jita a ɓangaren furogiram, inda ake buga sauti ɗaya shi kaɗai, yana da amsa-kuwwa mai laushi da ɗan kaɗawa a ƙarshensa, na ce yau zan haɗa kiɗana na farko, na shiga sikwansa, inda ake ɗaukar kiɗa layi-layi, na ɗora shi a layi na ɗaya na buga, sai na ji shi a bushe ƙarmas kamar an daki gwangwani. Na fita na koma, a can yana da daɗi, a nan babu. Na ce oga piyanon nan fa kamar ya samu matsala. Ko juyowa bai yi ba ya ce, yaro, ka ɗauko amarya ka baro kayan ɗakinta. Sannan ya taso ya nuna min. Injin gaba ɗaya yana da ifek biyar na insat, biyu na masta, da ikwalaiza ɗaya a ƙarshe. In kana furogiram sauti ɗaya ne ke cin su duka shi kaɗai, amma in ka shiga sikwansa layi 16 ne za su raba waɗannan ɗin dai, ba a ƙara maka ko ɗaya, kuma ba sa biyo sautin da kansu sai ka kwafo su, sannan ka gaya wa layin ta wace hanya zai bi ya fita. Ni layina kai tsaye yake tafiya sifika, bai ratsa ta komai ba.

Tun daga ranar nake kallon sauti kamar ruwa a famfo, ina tambayar kaina daga ina ya fito, ta ina ya bi, ina ya zuba. Insat na sauti ɗaya ne, kamar ka ce jitar nan ita kaɗai nake so ta yi kaushi. Masta kuwa na kowa ne, kowane layi sai ka ɗiba masa gwargwadon yadda kake so, shi ya sa rivab (amon ɗaki) da dilei (maimaicin sauti) can suka fi dacewa, don duk kayan kiɗan su ji kamar a ɗaki ɗaya suke. Jerin ma da muhimmanci, in ka sa rivab kafin abin kaushin nan sai ya dagula wutsiyar sautin duk ta zama hayaniya. Bas kuma oga ya hana ni ba shi rivab kwata-kwata, kuma na yarda da shi har yau, yana zama kamar kunu ne a ƙasan waƙa.

Dilei shi ne ya fi ba ni wahala, don kunnena yana jin wani abu ba daidai ba amma na kasa kama shi. Ashe maimaicin ne ba ya tafiya da tampo, wato saurin waƙar. Lissafin oga a bangon situdiyo yake da biro: ka raba 60,000 da tampon waƙa, abin da ya fito shi ne tsawon bugu ɗaya a milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. In tampo 100 ne, 600 ke nan, rabinsa 300, kashi ɗaya cikin uku 200. Akwai dilei a cikin injin da ke bin tampo da kansa, amma ya ce sai na iya da kai tukuna, saboda wata rana zan tsinci kaina gaban miksa da ba ta san tampon kowa ba, kuma hakan ta faru.

Sai afejiyo, wanda shi ne ainihin abin da ya ja ni ga piyanon tun farko. Ka danne kwad, wato madannai da yawa tare, injin ya riƙa fitar da muryoyin ɗaya bayan ɗaya, sama, ƙasa, sama da ƙasa, ko a hargitse, kuma a kombi, inda ake haɗa sautuka da yawa, ko sikwansa guda biyu ne za su iya gudu tare, ɗaya na bas ɗaya na jita misali. Wallahi akwai lokacin da duk kiɗan da na haɗa sai na cusa shi. To ranar da aka kawo wani mai kalangu zai ɗora a kan kiɗan wata waƙar biki, dattijo ne, ya saurara sau biyu ya ɗaga hannu ya ce wa oga, malam, wannan abin da ke ƙyal-ƙyal a sama yana taka min ƙafa. Ni na ga tampo ɗaya muke, to mene ne? Oga ya sa na kashe komai aka bar kalangun da afejiyon kawai, nan na ji da kunnena. Shi dattijon yana raba kowane bugu gida uku ne, irin tafiyar da kiɗanmu da yawa ke yi, ni kuma na bar afejiyon yana raba shi gida huɗu yadda ya zo daga kamfani. Wuri ɗaya muka canza, muka mayar da rabon na uku-uku, muka rage tsawon kowace murya da maɓallin get don ta riƙa yankewa da wuri ta bar wa kalangu fili, muka sassauta ƙarfin bugun. Dattijon ya gyara zama, ya matse kalangun a hammata, ya shiga, kai ka ce tare aka haife su.

Akwai ƙananan abubuwa da suka biyo baya. Saitin da ke sa afejiyo ya faro daga farko duk sanda ka danna, in kana bin ganga gara ka kashe shi, in ba haka ba ka makara kaɗan shi ma ya makara har ƙarshen waƙa. Lac kuma, wanda ke riƙe kiɗan ko ka ɗaga hannu, yana da amfani amma ka tuna da shi kafin mawaƙi ya tsaya. Sannan muryoyin injin 62 ne kawai a lokaci guda, afejiyo biyu da sauti mai doguwar wutsiya suna cinye su, sai ka ji wasu muryoyin suna ɓacewa. Ajiya kuwa da zafi na koye ta, an ɗauke wuta da rana tsaka aikin awa uku ya tafi, don abin da ke sikwansa ba ya zama in ba ka tura shi fulofi ba.

Karon farko da oga ya tura ni biki ni kaɗai, a wani babban ɗakin taro ne wajen Kawo, ƙasa tayil, bango siminti, rufi can sama. Na kunna saitin da na yi alfahari da shi a situdiyo, mawaƙiyar ta fara, ta waiwayo ta ce ɗan'uwa ba na jin kaina. Ɗakin da kansa yana da nasa amon, ni kuma na ƙara masa wani a kai. Na sauke rivab ɗin kusan ƙasa, na bar dilei ɗan kaɗan a muryar jita, na kashe afejiyo ɗaya. Da ta kai amshi na biyu sai ga ƙawayen amarya sun taso daga kujerunsu.