Madara Ba Ta Wanke Huhu

Ƙannena masu koyon sana'a, shekarata 31 ina walda a nan Maraɗi, kuma tunda uwata ta haife ni ban taɓa sa taba a bakina ba. Amma bara da likita ya ɗaga hoton ƙirjina ya duba, tambayar da ya fara yi mini ita ce kara nawa nake sha a yini. Na rantse masa. Da na faɗa masa sana'ata sai ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba.

Ina da shekara 14 aka kai ni shago. Garkuwar fuska guda ɗaya ce, ta maigida, mu yara kuwa baƙin tabarau na kasuwa muke sawa, irin na kwalliya. Wanda ba shi da shi sai ya rintse ido daidai lokacin da wuta za ta tashi, har muna gasar wa ya fi iya rintsewa. Tsakar dare ka farka idonka kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba, ko fitila ba ka iya kallo. Da safe manya su yi maka dariya, su ce wuta ta yi maka maraba. Hasken nan ƙona saman ido yake yi, amma da yake yana warkewa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai muka raina shi.

Hayaƙin ma haka. An koya mana cewa idan ka yini cikinsa, ka sayi gwangwanin madara ka shanye, za ta wanke maka ƙirji. Na sha madarar da ta isa ta shayar da unguwa guda. Likitan nan ne ya ce da ni, Malam, madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu, ko a hanya ba su haɗuwa. Na ji kunya, don yaran da na koya wa wannan magana sun fi ashirin.

Akwai kuma wani zazzaɓi da ke kama ni duk ranar da na yi waldar farin bututu mai rufin zinki: sanyi, ciwon gaɓoɓi, baki ya yi ɗaci kamar na lashi ƙarfe. Sai in aika a sayo mini maganin zazzaɓin sauro. Kashegari in warware, in yaba maganin, alhali tururin zinkin ne ya shige ni ya fita da kansa. A 2017 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. A lokacin ni ina cikin shago mai ƙofa ɗaya, na rufe taga don kada iskar hunturu ta dame ni.

Dukanmu mun tuna ramin zinariyar da ya rufta a yankin Ɗan Issa a watan Nuwamban 2021, aka fitar da gawa 18. Gari ya girgiza, rediyo ya faɗa. Irin wannan mutuwar ce muke kira hatsarin aiki, don tana zuwa da ƙara. To amma ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aikinsu, kuma hatsari bai ci fiye da 330,000 daga cikinsu ba. Sauran miliyan 2.6 ciwo ne ke ɗauke su a hankali: zuciya, sankara, huhu. Mai injin niƙa da ya shekara ashirin yana shaƙar gari, mai fentin mota, mai fasa dutse, manomin da ke feshi a gulbi da iska a fuskarsa. Idan ɗayansu ya kwanta ya rasu a ɗakinsa, sai mu ce ya yi fama da tari, Allah ya jiƙansa, a sa ƙanensa a gurbinsa. Ajali gaskiya ne, ban musa ba. Amma ko raƙumi sai ka ɗaure shi sannan ka yi tawakkali.

Har yawan aikin ma yana cikin lissafi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka yi tare ya gano mutum 745,000 sun mutu a 2016 da shanyewar jiki da ciwon zuciya, saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Na ƙirga nawa a lokacin da ƴan kasuwa ke gini suna son ƙofofi da tagogi: ya haura 80, kuma ina alfahari da shi a majalisa.

Kuskuren da ya fi damuna ba a jikina ya sauka ba. Na cire murfin kariya daga injin yankan ƙarfe don in sa faifan da ya fi girma, aiki ya yi sauri. Yarona ne ke riƙe da shi ranar da faifan ya tarwatse. Yatsunsa biyu suka tafi. Ban yi masa rajista a CNSS ba, asusun da ke biyan magani da diyya idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, don a ganina wannan na ma'aikatan ofis ne. Na biya kuɗin asibiti daga aljihuna, na sayar da babur. Mahaifinsa ya zo ya ce mini, Maigida, ƙaddara ce, mun yafe. Har yau gara a ce zagina ya yi.

Don haka idan za ku shiga shago, ku duba abu uku kafin ku tambayi kuɗin sallama: ko akwai garkuwar da za ta zama taku, ko iska na ratsa wurin, ko injin yana da murfinsa. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci ba ya tare hayaƙin ƙarfe, ku nemi takunkumi mai matata. Kada ku kusanci tankin da ya taɓa ɗaukar fetur da wuta don kawai an ce babu komai ciki, tururin da ya rage shi ke fashewa. Ku toshe kunne, ni nawa na hagu sai an ɗaga murya. In maigida ya yi muku dariya, ku bar shi ya yi. Ni ma na yi wa wasu.

Yanzu a waje muke walda, ƙarƙashin rumfa. Garkuwa huɗu na saya, kowa da sunansa a jikin tasa. Yaron nan yana nan tare da ni, shi ke riƙe da awo da lissafin kuɗi. Ranar Litinin zai raka ni asibiti a sake ɗaukar hoton ƙirji, don ni ba na jin sunana idan an kira a layi.