Salatef ɗin da na manna a wasiƙar Baba

Wata shida na yi ina IT, wato horon aikin da ake tura ɗalibai, a wata ƙaramar cibiyar tarihi a nan Jos, na gama tun kafin damina ta sauka, amma har yau in na ga salatef a tebur sai gabana ya faɗi. Ina rubuta wannan ne saboda ƙannenmu 'yan sashen tarihi da za su fita bana, don wallahi ba na so wani ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana.

Yawancin aikin ba wani abin ba da labari ba ne, jera fayil, rubuta lamba a bayan kwali, cika logbuk. Ranar Laraba mukan raka 'yan firamare zuwa gidan tarihi na Jos, wanda wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya buɗe a 1952, mu nuna musu gumakan Nok, tsofaffin gumakan yumɓu na mutanen da, mu zaga da su su ga kwatancin ganuwar Kano da masallacin Zariya da aka gina a wajen. Yara sun fi son labarin wani kan gunki daga Jema'a da wani mutum ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi kafin a kai wa Fagg a 1943, kullum sai sun ce a maimaita. Wannan ɓangaren na iya shi, har Madam ɗin da ke kula da mu ta fara bar min yaran ni kaɗai.

To a wata na huɗu aka ce za a yi ɗan nuni kan haƙar kuza, ana so mutanen gari su kawo abin da iyayensu suka bari, hoto ko takarda ko kwanon wankin kuza. Kun san dai bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Turawan Ingila sun rasa inda suke samun kuza, sai suka juyo kan Filato, daga 1942 zuwa 1944 aka dinga kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, da yawa sanyi da ciwo suka kashe su a barikin lebura. Ni aka tura Bukuru saboda na ɗan iya karanta ajami. A can na haɗu da wani dattijo, ya haura tamanin, sai da na yi zuwa uku kafin ya yarda ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar gafaka. A ciki akwai wasiƙa ɗaya, mahaifinsa ne ya rubuto wa mahaifiyarsa daga wajen Barkin Ladi lokacin shi yana goye, kuma uban bai koma gida ba. Da zai miƙo min ya ce "ɗana, amana ce fa", na ce "Baba in sha Allahu yadda ka ba ni haka zan dawo maka da ita". Kalmar da na faɗa ke nan, da bakina.

Takardar ta yi launin ƙasa-ƙasa, an ninke ta gida huɗu shekara da shekaru, kuma a daidai ninkin tsakiya ta fara rabewa kamar tsawon ɗan yatsa. Lokacin hunturu ne, iskar Jos ta busar da komai, ina buɗe ta a ofis na ji tana ƙas-ƙas. Madam ta fita taro, ni kaɗai ne, kuma a raina gani nake in na bar ta haka kafin gobe za ta rabe biyu. Sai na jawo salatef daga durowa, na yanko, na manna a kan rubutun, ta fuska ba ma ta baya ba. Ya zauna a karkace. Na sa farce na ɗago shi don in daidaita, kawai sai na ga ya taso da layi guda na rubutu har da fatar takardar, wurin ya koma fari fat.

Abin da ban yi tunani ba, kuma da na tsaya minti ɗaya da na tuna tunda na yi makarantar allo, tawadarmu ta gargajiya baƙin gawayi ce ko kunkunniya da ƙaro, a saman takarda take zama ba ta shiga ciki sosai, shi ya sa ake wanke allo da ruwa ta fita tas. Duk abin da ke da danƙo in ya taɓa ta zai ɗauke ta. Kuma ko da salatef ɗin ya zauna daidai ban ɗago shi ba, ɓarna ce dai, don bayan wasu shekaru gam ɗin yakan narke ya shige cikin takarda ya bar tabo ruwan ɗorawa da ba ya fita. Masu gyaran tsofaffin takardu wata siririyar takardar Japan suke sawa da kunun sitacin alkama, saboda in an so cirewa ɗan laima kawai za a sa ta saki. Ƙa'idarsu ke nan, kar ka yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba. Na san a ranar farko an gaya mana ba a shiga da biro sai fensir, ba a liƙe takarda da roba a inji, ba a sa mata ƙusar sitefula, na rubuta duk a littafina, amma da abin ya zo gabana gani na yi taimako nake yi.

Kuma abin da ya fi ci min rai, ban ɗauki hotonta ba. Wayata na aljihuna, caji cike, daƙiƙa biyar ya isa. Da na ɗauka da ko me ya faru rubutun yana nan. Don Allah duk takardar da ta shigo hannunku, kafin ku karanta, kafin ku kaɗe ƙura, ku ɗauki hoton gaba da baya. Kafin komai. Na san na faɗa amma zan sake faɗa, hoto tukuna.

Da Madam ta dawo ta same ni tsaye da guntun salatef a yatsa. Na yi niyyar nannaɗe shi in jefa kwandon shara saboda ruɗewa, ta ce "kar ka motsa, kar ka ninke shi". Ta kawo wata farar leda mai tauri ta ɗora shi a hankali, ta ɗaga wajen taga, sai ga rubutun ana gani ta bayan salatef ɗin, wasu baƙaƙen sun kakkarye amma ana iya bi. A nan na karanta layin. Gaisuwa ce, uban yana cewa a gaishe masa da yaron, ya ambaci sunansa, ya ce Allah ya raya shi. Wato wurin da na ɗauke shi ne kaɗai wurin da mahaifin dattijon nan ya taɓa rubuta sunansa da hannunsa. Na zauna a ƙasa, ƙafata ta ƙi ɗaukata. Madam ba ta ɗaga min murya ba, abin da ta ce kawai "me ya hana ka jira ni? takardar da ta yi shekara tamanin ba za ta mutu a awa biyu ba". Gaskiya ta faɗa, gaggawar tawa ce ba ta takardar ba. Sannan ta ce gobe ni zan je in faɗa masa da kaina, ita rakiya kawai za ta yi.

Ban yi barci ba daren nan. Har shaiɗan ya raya min in ce dama haka take, tsoho ne idonsa ya yi rauni ba lallai ya lura ba, kuma ina faɗin wannan ne don na san wani ma zai iya jin irin wannan raɗar. Kar ku saurare ta. Mun isa Bukuru bayan azahar, na durƙusa na ce "Baba na ci amanarka", na gaya masa yadda aka yi tiryan-tiryan ban rage komai ba. Ya karɓi wasiƙar ya shafa farin wurin da babban yatsa, ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai ya karanto layin da ka, kalma bayan kalma, ya ce tun yana yaro uwarsa ke sa a karanta masa, ya haddace. Ya ce "ɗana na yafe maka, ba da gangan ka yi ba, amma jikokina fa ba su haddace ba". Wannan maganar ta fi mari zafi.

Bai yarda a saka wasiƙar a nunin ba, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Haka aka yi nunin babu ita, alhali ita ce kaɗai muryar lebura da muka samu, sauran duk hotunan Turawa ne da takardun kamfani. Abin da ya yarda da shi shi ne mu naɗi muryarsa yana karanta ta daga farko har ƙarshe, na naɗa, a ranar na tura wuri uku, na kuma ba wa babban jikansa a waya. Madam ta ba shi fayil marar asid ta ce ya daina ninke takardar, guntun salatef ɗin kuma aka sa a ambulan daban da bayanin abin da ya faru da fensir, da kwanan wata, da sunana a ƙasa don duk wanda ya buɗe nan gaba ya san wa ya yi.

Na koma gaishe shi da ƙaramar salla. Ya karɓe ni da fara'a har ya sa aka kawo min tuwo, muka yi hirar kududdufan kuza da suka cika Bukuru da yadda suke cin yara da damina. Gafakar tana rataye a bango inda nake ganinta, bai sauko da ita ba, ni ma ban tambaya ba.