Ruwan zogale a lambu, da masu zuwa neman ganyen ciwon daji

Ruwan ganyen zogale yana taimakon itacen marmari, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Na gwada shi a kan lemo da mangwaro da gwaba a lambuna. Ina tsinko ɗanyen ganye mai taushi, in daka shi da ɗan ruwa, in tace da ƙyalle mai tsabta, sannan in sirka kashi ɗaya da kashi talatin na ruwa. Feshin da sassafe nake yi, lokacin da itace ke fitar da sabon toho ko ya fara fure. A ranar da aka haɗa shi ake amfani da shi, domin in ya kwana biyu wari yake yi. Masana sun ce akwai sinadarin zeatin a ganyen, mai zaburar da tsiro ya yi sabon toho.

Layi guda na lemo na bari ban fesa masa ba, don in samu abin kwatantawa. Wanda bai yi haka ba, duk alherin da ruwan sama da taki suka kawo, zogale zai jingina wa. A itatuwan da suka ƙoshi da taki na ga bambanci: ganye ya fi duhu, ƙananan 'ya'yan da ke kaɗewa bayan fure sun ragu. Bambancin dai ɗan kaɗan ne, sai ka tsaya tsakanin layukan biyu ka dube su da kyau.

A kusurwar da ruwa ke kwanciya kuwa, feshin bai tsinana komai ba. Ganyen lemon ya yi rawaya, rassa suna bushewa daga sama. Da na tona gindin ɗaya, sai na tarar ƙasa ta binne wurin auren dashen, wato inda aka haɗa reshe da gindi, ɓawon ya jiƙe ya yi baƙi, wani ɗanƙo mai launin zuma yana tsatsowa. Saiwar da ta kamata ta yi fari ta ruɓe, kana ja tana saɓulewa. Itacen da saiwarsa ba ta numfashi, ko me ka fesa wa ganyensa aikin banza ne. Na janye ƙasar har wurin auren ya fito sarari, na haƙa magudanar ruwa, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye ba tare da ta taɓa gindin ba. Waɗanda sabon ganyensu ya fito ƙanana da ɗigon rawaya tsakanin jijiyoyi, ƙarancin sinadarin zinki ne, zinkin na fesa musu. Mangwaro kuma na rage masa rassan ciki don rana ta shiga, na janye ban ruwa gab da lokacin fure. Waɗannan ayyukan sun fi zogale tasiri nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata 'yar uwar gwandar daji a lambun, wadda ake kira graviola. Tun da labari ya bazu a intanet cewa ganyenta yana kashe ciwon daji, mutane suka fara sallama. Wata dattijuwa ta ce min, "Ɗana, taimaka min da ganyen nan, an ce ya fi allurar asibiti." Wannan maganar ta sa na zauna na yi karatu.

Gaskiya ne wasu manyan magungunan ciwon daji daga tsirrai aka samo su. Vincristine da vinblastine daga wani ɗan fure na Madagaska suka fito, a ƙarshen shekarun 1950 da farkon shekarun 1960. Taxol daga ɓawon wani itace ne na arewa maso yammacin Amurka. Masana Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarin sinadarinsa a 1971, amma sai 1992 aka amince a ba marasa lafiya. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ana gwaji, ana auna yawan da jiki zai ɗauka. Shi kuwa furen Madagaska, guba ne in aka dafa aka sha.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin beta-carotene, sinadarin da ke ba karas da mangwaro launinsu. An lura masu yawan cin kayan lambu ba su cika kamuwa da wasu nau'o'in ciwon daji ba, sai aka ware sinadarin aka mayar da shi ƙwaya. A Finland aka ba maza masu shan taba kusan 29,000 a wani babban gwaji, sakamakon ya fito a 1994: ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wurin masu shan ƙwayar. Wani gwajin a Amurka an dakatar da shi a 1996 saboda irin wannan sakamako. Ita ma graviola, a kwanon ɗakin bincike da jikin ɓeraye aka ga tana kashe ƙwayoyin cutar, ba a tabbatar da hakan a jikin mutum ba. Tana kuma ɗauke da sinadarin annonacin, wanda aka danganta da wata cutar jijiya mai kama da cutar karkarwa ta Parkinson a tsibirin Guadeloupe na yankin Karibiyan, inda ake yawan shanta.

Saboda haka na daina ba da ganyen a matsayin magani. Na ce wa dattijuwar, "Mama, ki ci gaba da zuwa asibiti, kuma duk abin da za ki sha ki faɗa wa likitanki." Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta. Na cika mata leda da gwaba da lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyayyaki kullum, wannan kam ina iya faɗa da bakina.

Ɓangaren da ke hannuna a matsayin mai lambu shi ne abin da nake fesawa. In na sa maganin ƙwari, ina rubuta ranar a littafi, kuma ba a tsinkar ko ɗa ɗaya sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika, ko da masu saye suna tsaye a bakin ƙofa.