Hanyar Agadas da hirar kaset ɗin farko

Motar da ke tasowa daga Yamai zuwa Agadas tana biyowa ta Birnin Ƙonni, a nan na tare ta bayan na tsallako daga Illela. Ɗaurin auren wani abokin kasuwancin yayana ne ya kai ni, tun kafin a rufe iyaka a 2023. Barci na yi niyyar yi, amma direba ya ɓata mini shiri, domin muna fita gari ya saki kiɗan jita na Abzinawa, ya ƙure murya.

Kusa da ni wani dattijo ne mai baƙin rawani, ya ja amawali har hanci. Na ɗauka kiɗan zai dame shi. Sai ga shi ya kira yaron mota ya ce a maido waƙar da ta wuce. Ta Tinariwen ce, ƙungiyar makaɗan jita ta Abzinawa.

Na ce, "Baba, ashe kai ma kana ji?"

Ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake ji."

Da na tambaye shi inda ya sayi kaset ɗinsu na farko, dariya ya yi har kafaɗunsa na rawa. Ya ce a lokacin ba a sayar da waƙoƙin nan. Abin da ya saya fankon kaset ne, a Tamanrasset ta Aljeriya, inda ya je ci-rani bayan farin 1984 ya cinye musu dabbobi. Ya kai wa wani mai rikoda mai baki biyu, aka juye masa daga wani kaset wanda shi ma juye ne. Ya ce idan ka kasa kunne za ka ji ƙarar kofunan shayi da tarin wani a bayan jitar, kuma har gobe waƙar da aka ɗauka a situdiyo ba ta shiga ransa kamar waccan.

Maganarsa ta yi daidai da tarihin ƙungiyar. A Tamanrasset ɗin Ibrahim Ag Alhabib, mutumin yankin Kidal na Mali, ya fara haɗa ta da abokansa wajen 1979, daga baya suka zauna a sansanonin Libiya. Al'adarsu ita ce duk wanda ya zo da fankon kaset za su cika masa. Sai a 2001 faifansu na farko ya shiga kasuwar duniya, a 2012 kuma suka ci kyautar Grammy da faifan Tassili. Kafin duk wannan, sun yi shekara kusan ashirin suna yawo a aljihun direbobi da 'yan ci-rani.

Dattijon ya rage murya da ya zo kan shekarun tawayen Abzinawa, daga 1990 zuwa 1995. Ya ce a lokacin idan aka kama ka da irin kaset ɗin a shingen sojoji ka shiga uku, don haka ya kankare takardar jikinsa ya rubuta sunan wani makaɗin Hausa.

A Tawa aka tsaya salla da cin abinci. Wata Hajiya mai fataucin atamfa, wadda ke bayanmu tana jin komai, ta same mu a wurin mai shayi ta ce ba ta yarda ba. Tinariwen na mutanen Mali ne, in ji ta, su 'yan Agadas nasu shi ne Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal. Ita kam da kuɗinta ta sayi kaset ɗinsa, a kasuwar Agadas, bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, lokacin da aka fara baza su a tebur ba tsoro. Kuɗin adashenta ta ɗiba, kuma uwarta ta yi mata faɗa kamar ta sayi giya. Dattijo ya ce, "Hajiya, ai Abdallah ma a wurinsu ya gani." Ta ce, "Malam, gani daban, iyawa daban." Aka bar ta a haka. Abdallah ya rasu a 2020, kuma da ta ambaci hakan duk suka yi masa addu'a, gardama ta mutu.

Ta kuma ce tana cikin taron da Bombino, wani makaɗin jita na yankin Agadas, ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a farkon 2010, bayan ya dawo daga gudun hijira a Burkina Faso. Tawaye na biyu, na 2007, shi ya kore shi, lokacin da hukuma ta ɗauki jita a matsayin kayan 'yan tawaye.

Daga Tawa hanya ta fara nuna hali. Kwalta ta zama tsibiri-tsibiri, direba na sauka gefe yana bin rairayi, ƙura na shigowa ta ko'ina. Itatuwa suka yi ta raguwa har sai ƙaya da tumfafiya.

A Abalak wani ɗalibi ya shigo, ya zauna kan jarka a tsakiyar mota. Da ya ji abin da ake tattaunawa ya ce shi bai taɓa riƙe kaset ba. Dala ashirin ya ba mai tura waƙoƙi aka cika masa memori, a ciki ya tsinci Mdou Moctar, wanda ɗan yankinsu ne, bahago, da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A nan ni ma na samu bakin magana, domin a garinmu Sakkwato Mdou ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ni ma a wurin masu tura waƙa na fara samunsa, ba suna ba hoto, lamba ce kawai a waya. Daga waya zuwa waya ta bulutut waƙoƙin suka ratsa Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya saka ɗaya a tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar, sannan ya bi sawu ya nemo mai ita. Dattijo ya karɓi wayar yaron ya saurara, ya mayar masa, ya ce hannun yana da kyau amma makaɗin yana sauri kamar ana binsa bashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu huɗu ɗin nan kowa na ji da mawaƙinsa kamar ɗan'uwa, amma da wuya ko dala ɗaya daga kuɗin da muka kashe ta isa hannun mai jitar. Mai fankon kaset ya ci, mai rikoda ya ci, mai kwamfuta ya ci. Ban ce haramun suka ci ba, tunda ba don su ba da waƙoƙin ba su fita daga tanti ba. Sai dai na daina yi wa kaina kirarin cewa na tallafa wa wani.

Da dare muka shiga Agadas. Sai da safe na ga hasumiyar masallacin, ta laka, mai tsawon mita 27, da itatuwa a cake a jikinta. Tsohon garin yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2013, kuma fadar Sarkin Abzin na nan daf da masallacin.

A wurin biki na ga inda kuɗin yake shiga. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a fili, aka tayar da janareta, samari uku da jita da mai ganga suka jona tsofaffin lasifika. Haka ƙungiyoyi irin su Etran de l'Aïr suka rayu tun 1995, daga biki zuwa suna, kafin Turai ta san da su. Mata suka fito biyu-biyu suna rawa da gefen mayafi, maza na shiga suna liƙa wa masu jita kuɗi a goshi da cikin rawani. Na canza jika biyu zuwa ƙananan takardu, na bi layi, na liƙa wa bahagon cikinsu. Ko kallona bai yi ba, ƙaninsa ne ke bi yana tsincewa yana zubawa a kwali.